Ranar da Na Hura wa Jirgin Malam Wuta

Mijina makaniken famfunan rijiyoyin burtsatse ne. Aikin gwamnati ya yi, yana yawo ƙauye-ƙauye daga Sukukutane har Tibiri, duk inda injin ruwa ya tsaya shi ake nema. Ni kuwa a lakwal, makarantar boko, na koyar har furfura ta fito mini. Da muka yi ritaya ni na samu hutu, shi ya samu jirgi.

Jirgin ƙasa nake nufi, irin na da, mai cin gawayi yana fitar da tururi. Tun yana saurayi aka tura shi kwas Parakou, ya ga wani tsohon kan jirgi an jingine shi a bayan tasha, tsatsa ta ci shi, ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsa. Ya ce wuni ya yi yana zagaya shi. Abin bai taɓa fita ransa ba. Mu nan Dogon Dutsi ba mu san ƙarar jirgi ba, dogon da aka shimfiɗa har Doso ma awaki ne ke hutawa a kansa. To Malam ya ce shi zai ƙera nasa, ƙarami, amma na gaskiya, wanda za a hura masa wuta ya tafi da kansa.

Ya kafa rumfa a kusurwar gida, ya shiga ciki, shekaru suka yi ta wucewa. Ƙafafun ya yanko su daga tsohon ƙarfen famfo, ya kai gareji aka wasa masa su. Tukunyar da ruwa zai tafasa a ciki ta jan ƙarfe ce, daga cikin wani famfon da aka yar. Sai kayan ado, kuma a nan ne ya fi ba ni haushi. Mutum ya wuni yana jera ƙusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero a jikin ɗakin direba, in ɗaya ta karkace ya cire layin duka. Abin dafawa na gefen jirgi da wayar ƙafar keke ya yi shi. Fitilar goshi kuwa murfin kwalbar turarena ne. Na neme shi har na zargi maƙwabta, ashe yana can an huda shi an sa masa gilashi. Na ce, "Malam, sata kuma?" Ya ce aro ne. Ka ji min mutum!

Jirgin ya kai tsawon hannu da rabi, nauyinsa sai mutum biyu. Wata rana ya aro injin iska na mai faci, ya ɗora jirgin a kan bulo biyu, ya hura masa iska, ƙafafun suka kama juyawa suna ƙas-ƙas-ƙas. Wallahi tsohon nan rawa ya taka a tsakar gida. Tukunyar ma ya gwada ta da ruwan sanyi, ya matsa mata har ya gamsu ba ta yoyo. Abin da ya rage shi ne a ɗora tukunya a kan ƙafafu, a haɗa bututai, a yi fenti, a shimfiɗa dogo. Wuta kam ba a taɓa hura masa ba.

Ana cikin haka, wata la'asar yana alwala, na ji buta ta faɗi. Na leƙo na gan shi ya zame gefe guda, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama.

Da za a sallame mu daga asibiti, likita ya kira ni gefe ya yi mini magana dalla-dalla. Ya ce ƙafar da hannun za su iya dawowa, ko ba duka ba, in ya riƙa motsa su a watannin nan na farko. In kuwa ya kwanta ya bar su, za su sandare, kuma shi ke nan. Harshen ma haka, sai an yi ta magana da shi. Na riƙe zancen nan da hannu biyu na kawo shi gida.

Da fari ya yi ƙoƙari. Sai ranar da abokansa na aiki suka zo gaisuwa. Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta fito a murɗe, yawu ya zubo masa a riga. Ɗaya daga cikinsu ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, Shef." Shef suke ce masa tun a wurin aiki. Na so in watsa wa mutumin nan ruwan kofin da ke hannuna. Daga ranar Malam ya rufe bakinsa. Ya juya fuska bango. In na kama hannun zan motsa masa kamar yadda aka nuna mini, sai ya sa na hagu ya ture ni. Abinci loma biyu ya kau da kai. Sandar da aka ba shi tana jingine a bakin ƙofa, ko kallonta ba ya yi, in zai kewaya sai an ɗauke shi cak.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a gabansa, ni da ban saba ba. Ko gezau.

Yayarsa ta zo daga ƙauyensu na wajen Tibiri. Ta dube shi ta ce ita ta san abin da ya taɓa shi, Doguwa ce, don ya kwaso ƙarafa daga tsohuwar rijiyar da ke gindin tsamiya bai nemi izini ba. Ta ce a kira masu goge, a mayar da ƙarafan inda aka ɗauko su. Babban ɗanmu kuma, wanda ke sayar da kayan sola a kasuwa, yana cikin samarin nan masu ɗage wando da tsayar da gemu, ya ce sam, ba a yin bori a gidan ubansa, ruƙiya za a yi. Abu ɗaya kawai suka yarda a kai, wai jirgin nan ya bar gidan. Yaron ya ce ai dama wasan yara ne, a ba masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe.

A tsakar gida suke wannan gardama, murya sama, Malam yana ji, bai ko juyo ba. Wannan ne ya fi tsorata ni. Mutumin da in kaza ta shiga rumfarsa sai unguwa ta ji, ana zancen sayar da jirginsa a kilo, ya yi shiru.

Na fito na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, kin san ina ganin girmanki. Kai kuma rufe mini baki. Addu'a ina so, kowa ya yi irin wadda ya iya. Amma rumfar can, duk wanda ya taɓa ko ƙusa ɗaya, ni da shi ne."

Washegari na shiga rumfar na tsaya. Ƙura ta rufe komai, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin bututun hayaƙi. Na san mijina. Zai iya haƙura da ciwo, zai iya haƙura da yunwa, amma ba zai iya kallon wani yana taɓa masa kayan aiki ya yi shiru ba. A nan na yanke shawara zan ƙarasa jirgin nan da hannuna, a gaban idonsa, har ya tafi.

Yana da wani aboki mai walda a bakin titi, tsararsa, wanda ya taya shi liƙin tukunyar. Na yafa gyale na same shi a shagonsa. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni.

"Madam, lahiya? Ya mai jiki?"

"Mai jiki yana kwance. Zuwa na yi ka nuna mini yadda ake haɗa jirgin."

Ya yi dariya har da tari. "Madam, wanga ba aikin mata na ba. Ki bari Shef shi tashi."

Na ce, "In na jira ya tashi, ni da kai za mu ɗauki gawarsa. Na koya wa ƴaƴan mutane lissafi har sun zama manya a Yamai, ɗaure noti ne zai gagare ni?"

Dariyar ta tsaya. Ya ce shi ma fa ba duka ya sani ba, liƙi kawai ya iya, sirrin abin yana kan Shef. Na ce ya ba ni abin da ya sani, sauran ni da Allah.

Muka kinkimo teburin aikin daga rumfa muka dasa shi daidai ƙofar ɗakin Malam. Na ɗage labule na ɗaure shi sama. Mai walda yakan biyo in ya tashi daga shago, ya nuna mini abu ɗaya ko biyu, ni kuma in wuni a kai. Na koyi riƙe magagari. Na koyi lanƙwasa siririn bututun jan ƙarfe, a gasa shi ya yi ja, a bari ya huce, sannan ya bi hannu kamar igiya. Na farko da na lanƙwasa ya karye, na biyu ya toshe. Yatsuna suka tsattsage, farcena ya yi baƙi, na je suna mata suna kallon hannuna suna ƙifta wa juna ido. Wata ta ce, "Madam, gareji kinka buɗe?" Na ce eh, ta kawo bakinta in ɗaure mata shi.

Ina aiki ina surutu da ƙarfi don ya ji. "Yau dai wannan bututun zan haɗa. Ko nan yake shiga? Oho, in bai shiga ba in buga masa guduma." In saci kallon ɗakin, in ga ƙeya. Wani lokaci da gangan nake ɗaukar kile, wato sifana, mai girma in sa wa ƙaramin noti, ƙarfe ya yi ƙara mai sa haƙori tsami. Ƙeya dai.

Sai wata rana na ɗago na ga ya juyo. Fuskar nan a murtuke, amma ido biyu suna kan hannuna. Murna ta kama ni, na yi kamar ban gani ba. Daga ranar kullum yana kallo. Sai dai kallon kawai, ba magana, ba motsi, hannun dama yana kwance a kan cinyarsa, yatsun suna ƙara dunƙulewa.

Na yi fenti. Baƙi na shafa wa jiki, na sa ja a ƙafafu, na ja siririn layi ruwan ɗorawa a gefen ɗakin direba da gashin kaza, don burushin ya yi kauri. Na goge murfin turarena har yana ɗaukar ido. Ban ɓoye ba, abin ya fara shiga raina. Na gane dalilin da mutum zai cire layin ƙusoshi saboda guda ɗaya, don ni ma sau nawa na goge layin nan na sake ja.

Dogon da ya tanada, gara ta cinye katakan da ke ƙarƙashinsa. Na sa babban ɗan namu ya nemo mini itacen giginya. Ya kawo a bayan babur yana huci, ya sauke ya tsaya yana kallona ina auna tazara.

"Inna, wanga aiki ba shi da lada. Da karatu kika zamna kika yi mishi da ya hi."

Na ce, "Karatun ina yi, kai ma yi. Ladan kuwa ga shi can kwance a ɗaki, in ya tashi na samu."

Ya naɗe hannun riga ya taya ni yankan itacen, har muka shimfiɗa dogo daga ƙofar ɗakin ubansa zuwa gindin bishiyar dogon yaro. Zuciyarsa mai kyau ce, bakin ne irin nawa.

Damina ta sauka. Mai walda ya ce Shef kullum yana faɗin ba za a sa wa tukunyar ruwan rijiya ba, yana barin farin gishiri a ciki ya toshe ta, sai ruwan sama. Na tara randa guda. Na aika wurin maƙera aka kawo gawayin ƙirya, na farfasa shi ƙanana. Komai ya haɗu. Muka sa rana da mai walda za mu hura wuta tare, sai aka yi masa rasuwa a Kiéché ya tafi.

Da safen ranar da muka sa na shiga shafa wa Malam mai. Na kama yatsunsa zan buɗe, suka ƙi. Da can sukan buɗe ko da ƙyar, ranar kuwa kamar busasshen kara. Maganar likita ta dawo mini. Na fito na ce ba mai walda ba, ko wa ya mutu yau jirgin nan zai sha wuta.

Da hantsi na jawo jirgin a kan dogo har bakin ƙofa, yadda zai gani da kyau. Na cika tukunya da ruwan sama. Na jiƙa gawayi da kananzir na zuba ta ƴar ƙofar murhu da cokalin shayi. Akwai wata ƴar fanka da Malam ya haɗa da ɗan injin tsohuwar rediyo, a ɗora ta a kan bututun hayaƙi ta ja wuta, na ɗora. Na ƙyasta ashana da bisimilla.

Wuta ta kama. Hayaƙi ya tashi, tukunya ta fara ƙara a hankali kamar butar shayi. A ɗakin direba akwai wani ɗan agogo mai allura ɗaya, Malam ya ja masa jan layi a wuri guda. Ni a ganina nan ne allura za ta kai sannan jirgi ya samu ƙarfin tashi, kamar makin da ɗalibi zai ci ya wuce aji. Allura ta motsa, ta hau, ta hau, ina mata kirari. Tana isa jan layin sai wani ɗan abu na tagulla da ke tsaye a kan tukunya ya yi fsss, tururi ya yi sama. Allura ta tsaya cak. Jirgi kuma ko motsi.

Na tura shi da hannu, ya gangara ya tsaya. Na ƙara gawayi. Abin nan ya sake fsss, ya fi na farko. Raina ya ɓaci. Na ce yo ga inda ƙarfin ke zurarewa, ina jirgi zai tashi? Mai walda ya bar mini yoyo!

To ni mace ce, tun ban kai tsayin turmi ba nake turara dambu. Duk wadda ta taɓa ɗora madambaci a kan tukunya ta san in tururi na fita ta gefe dambu ba ya nuna, kuma ta san maganinsa. Na ruga madafa na dama garin kuka da kauri, na yago tsumma na tsoma a ciki. Na dawo na naɗe abin nan da shi, ina ƙona yatsu ina hurawa. Tururi ya ture tsumman. Na ce au, da ni kake? Na ɗauko waya na ɗaure shi ta sama, na danne ɗan tsinken da ke tsalle a kansa, na murɗe da filaya tamau. Shiru. Ko ɗigo ba ya fita.

Allura ta tsallake jan layi ta ci gaba da hawa. Na tafa hannu na juyo wajen ɗaki na ce, "Malam, ka gani? Yanzu za ka ga tafiya!"

Abin da na gani ba zan manta ba. Ya tashi zaune, da kansa. Idanunsa sun firfito, bakinsa yana rawa, wata ƙara na fitowa daga maƙogwaronsa. Na ɗauka murna ce. Na ƙara cokali guda na gawayi.

"Ke!"

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Rabon da in ji muryar nan tun kafin shuka.

"Wuta! Hid da wuta!"

Maganar a murɗe take, amma na ji ta sarai. Sai dai ban san yadda ake fid da wuta daga jirgi ba, na tsaya ina dube-dube kamar wawiya, ina neman buta. Tukunyar ta canza murya, tana wani irin ƙugi, wani bututu ya fara tsartuwa ta gefe. Malam ya dafa bango da hannun hagu ya miƙe. Ya jefa ƙafar hagu, ya jawo ta dama, ya sake jefawa, ya kama ƙyauren ƙofa. Daga nan ya saki jiki gaba ɗaya ya faɗo a kan ƙasa kusa da jirgin, ya cusa hannu ƙarƙashin murhu ya fizge wani ɗan ƙarfe. Ragar da gawayi ke zaune a kai ta buɗe, garwashi ya zube a tsakanin dogo, wasu a kan hannunsa. Bai ko janye ba sai da ya kai hannu cikin ɗakin direba ya murɗa wani abu. Ƙafafun jirgin suka yi wata irin juyawa a wuri ɗaya, tururi ya turnuƙe mu, jirgin ya zabura ya yi gaba ya sauka daga kan dogo ya kifa a cikin yashi.

Allura ta fara sauka.

Na durƙusa zan ɗaga shi, ya ture ni. Yana kwance rabi a ƙasa, rigarsa duk toka, bayan hannunsa ya tashi, ya buɗe baki ya shiga yi mini faɗa. Yawu na zuba, kalmomi na karyewa, bai damu ba.

"Mi... mi kinka ɗamre? Supap! Supap ta! Ita ka hana tukunya hwashewa! Kashe mu za ki yi?"

Supap, ashe sunan ɗan abin nan ke nan, kuma fitar da tururin shi ne aikinsa. In ƙarfin ya yi yawa ya rage, don kada tukunya ta tarwatse. Jan layin kuwa iyaka ce da ba a ƙetarewa. Jirgin bai tashi ba don ban buɗe masa hanyar tururi ba, wato abin da ya murɗa a ɗakin direba. Duk wannan a bakinsa na ji shi, a nan ƙasa, guntu-guntu, da zagi a tsakani. Ya ce kuka! Kuka a jirginsa! Miya zan yi? Ya ce fentin ma ya gani, wa ya ce ƙafafu ja ne? Ya ce bututun hagu a karkace yake, tun ranar da na haɗa shi yake ci masa rai.

Na ce, "To da ka gani me ya hana ka faɗa? Bakinka aro ka bayar? Wata nawa ina ƙona hannuna a gabanka kana kallona kamar hoto!"

"Ke dai... ba ki jin magana!"

"Wace maganar? Ka yi ta ne?"

Muna cikin haka na ji hawaye na gangaro mini har wuya, ga dariya ta ƙi tsayawa, sai a lokacin na gane da tukunyar nan ta fashe fuskata ce a kanta. Maƙwabta suka leƙo ta katanga jin hayaniya. Wata ta ce, "Lahiya, Madam?" Na ce lafiya lau, faɗa muke da mijina.

Yaron nan ya zo da azahar ya tarar da ubansa zaune a kujera a tsakar gida, hannu naɗe da bandeji, yana cin tuwo yana hararata. Ya tsaya a bakin zaure ya kasa shigowa. Uban ya ɗago ya ce masa, "Kai... ɗauko jirgin can daga ƙasa." Yaron ya tafi da gudu, yana share ido da hannun riga.

Kashegari da hantsi Malam ya ce a kai shi bakin tebur. Da sanda ya je, ina riƙe da shi ta gefe, yana tsaki duk taku. Ya sa na kwance supap ɗin daga kan tukunya na ajiye a gabansa. Kukar ta bushe a ciki ta yi tauri, sai an warware abin an kankare shi da tsinke. Aikin hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya kankare. Na miƙa hannu zan riƙe masa.

"Bari," in ji shi.

Ya ɗauki abin da hannun hagu mai bandeji, ya kai shi ga na dama, ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya yana cije leɓe, ya cusa shi a tsakani. Ya ɗauki tsinke. Yana taɓawa abin ya suɓuce ya gangara kan tebur. Ya jawo shi ya sake cusawa. Ya sake suɓucewa, wannan karon har ƙasa, kusa da ƙafata.

Na sunkuya.

"Na ce bari!"

Na miƙe na koma kan tabarma, na cusa hannuwana cikin zane na matse su, don na san halinsu. Ya jawo abin da bakin sanda, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya sake ɓamɓare yatsun ya cusa. Na zuba wa babban yatsan nan ido, ban ko numfasa ba. Ya yi rawa, ya yi rawa, sannan ya danna. Malam ya sa tsinke ya fara kankarar kukar.